Hilda ta Witbi: Mace Mai Sunan Yaƙi da Ta Bar wa Ikkilisiya Wasiyyar Salama



A nan Sabon Gari na Sakkwato, da wuya wata ya fita ba a kira mu bikin suna ko miƙa jariri ba. In muka tambayi iyaye dalilin sunan da suka zaɓa, amsa takan zo da sauƙi idan sunan Godiya ne, ko Murna, ko Alheri, ko kuwa na Littafi Mai Tsarki irin su Hannatu da Rifkatu. Amma akwai waɗansu sunaye da suka zo mana ta hannun 'yan mishan da makarantunsu, muna kiransu kullum ba tare da mun san abin da suke nufi ba. Hilda yana cikinsu. Wasu sun gaje shi daga wata malamar asibiti ko ta makaranta da iyayensu suka sani. Wasu kuma sun ƙara jinsa ne a shekara ta 2023, lokacin da Hilda Baci ta kafa tarihin daɗewa ana girki a Legas.

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Saboda haka ya kyautu mu san inda wannan suna ya fito, mu kuma san matar da ta shigo da shi cikin tarihin ikkilisiya. Ta yi rayuwa a arewacin Ingila daga shekara ta 614 zuwa 680. Yawancin labarinta ya iso mana ne ta hannun wani malamin zuhudu mai suna Beda, wanda ya kammala littafinsa na tarihin ikkilisiyar Ingila a shekara ta 731, wato shekara 51 bayan rasuwarta.

Asalin sunan da ma'anarsa

Sunan Hilda ya fito ne daga tsoffin harsunan dangin Jamusanci, waɗanda Jamusanci da Turanci da harsunan Holan, Denmak, Suwidin da Norwe na yau suka tsiro daga cikinsu. Tushensa kalmar hild ce, ma'anarta kuwa yaƙi. Kabilun da suka haye teku daga arewacin Jamus da Denmak suka zauna a Ingila tun ƙarni na 5 sun zo da irin waɗannan sunaye. Mutane ne da yaƙi ya zama musu sana'a da abin alfahari, don haka har 'ya'yansu mata sukan raɗa musu sunayen fagen fama.

Al'adarsu ita ce su haɗa kalmomi biyu su tada suna ɗaya. Matilda, wanda shi ma muna da masu shi a majami'unmu, haɗin kalmar ƙarfi ne da ta yaƙi, wato mai ƙarfi a wurin yaƙi. Hildegad da Kulotilda su ma suna ɗauke da wannan tushe. A gidan su Hilda kanta haka abin yake. Sunan mahaifinta Hereric yana nufin mai mulkin runduna, sunan 'yar'uwarta Hereswit kuma yana nufin ƙarfin runduna. Mutanen zamaninta Hild suke kiranta. Wasalin da ke ƙarshe ya shigo ne ta hanyar rubutun Latin.

Akwai wani abin da bai kamata mu ɓoye ba. A tatsuniyoyin addinin gargajiya na mutanen Norwe da maƙwabtansu, Hild sunan ɗaya ne daga cikin matan ruhu da suka gaskata suna shawagi a fagen yaƙi suna zaɓen waɗanda za su mutu. To, ko wannan ya isa ya sa mai bi ya ƙyamaci sunan? Sabon Alkawari ya ba mu haske. Afolos da Fibi da Hamisa duk sunaye ne masu nasaba da gumakan Helenawa, amma manzo Bulus bai umarci ko ɗayansu ya sake suna ba. Ya karɓe su a matsayin abokan aiki, ya yaba wa Fibi a Romawa 16:1-2. Rayuwar mai suna ita take wanke suna ko ta ɓata shi.

Yarinta cikin gudun hijira

An haifi Hilda a gidan sarautar Nortumbiriya, wata masarauta da ke arewacin Ingila. Mahaifinta ɗan ɗan'uwan Edwin ne, wanda ya zama sarki daga baya. A lokacin haihuwarta gidansu ba ya kan gado. Abokan gāba ne suke mulki, mazan gidan kuwa sun watse suna neman mafaka a fadojin wasu sarakuna. A can wurin gudun hijira, a ƙasar Elmet, aka sa wa mahaifinta guba ya mutu tana jaririya.

Beda ya ba da labarin wani mafarki da mahaifiyarta Bereguswit ta yi a kwanakin nan. Ta ga tana ta neman mijinta ba ta same shi ba, sai ta tarar da wata sarƙar wuya mai daraja a ƙarƙashin tufafinta, haskenta ya cika ƙasar duka. Beda ya ɗauki wannan a matsayin alamar abin da 'yar za ta zama.

Da Edwin ya hau gadon sarauta a shekara ta 616, marainiyar ta tashi a ƙarƙashin inuwarsa. Edwin mai bin addinin kakanninsa ne, amma ya auri Etelbaga, 'yar sarkin Kent, wadda take Kirista. Sharaɗin auren shi ne a bar ta ta yi addininta. Ta zo da wani bishop mai suna Paulinus, ɗaya daga cikin masu bisharar da Paparoma Giregori ya aiko daga Roma. Sarki bai yi gaggawa ba. Ya daɗe yana tunani, ya tara fādawansa ya nemi shawararsu, sa'an nan ya ba da gaskiya. A ranar Ista ta shekara ta 627 aka yi masa baftisma a birnin Yok, cikin wata 'yar majami'a ta katako da aka gina cikin hanzari. Cikin mutanen gidansa da aka yi wa baftisma tare da shi har da Hilda, tana da shekara 13.

Murnar ba ta daɗe ba. A shekara ta 633 sarki Penda na Masiya da sarki Kadwalon suka haɗa kai suka kashe Edwin a yaƙi. Paulinus ya ɗauki sarauniya da 'ya'yanta suka gudu Kent ta jirgin ruwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga ruwan baftisma domin sun ga sarki ya shiga suka koma gidan jiya. Hilda ba ta koma ba. Bangaskiyar da ta karɓa a inuwar sarki ta tsaya da ƙafarta bayan an sare inuwar.

Kira zuwa hidima

Allah bai bar arewacin Ingila haka ba. Sabon sarki Oswal, wanda ya tuba a lokacin da yake gudun hijira a wajen mutanen Sikotilan, ya aika tsibirin Ayona yana roƙon mai bishara. A shekara ta 635 suka aiko masa da Aidan, mutumin Ayalan, wanda ya kafa mazauninsa a tsibirin Lindisfan. Aidan mutum ne mai tawali'u. Yawanci a ƙafa yake yawon bishara domin ya iya tsayawa ya yi magana da duk wanda ya tarar a hanya. Kyautar da attajirai suka ba shi kuwa yakan raba wa matalauta, ko ya fanshi bayi da ita. Da farko bai iya harshen ƙasar sosai ba, sai sarki da kansa yake yi masa tafinta.

Beda ya raba rayuwar Hilda gida biyu daidai: shekara 33 a cikin zaman duniya irin na 'ya'yan sarauta, shekara 33 kuma a cikin hidimar Allah. A wajen shekara ta 647 ta yanke shawarar barin kome ta shiga zaman zuhudu. Niyyarta ita ce ta haye zuwa Faransa, inda 'yar'uwarta ta riga ta shiga gidan zuhudu. Ta yi shekara guda a gabashin Ingila tana shirin tafiya. Sai Aidan ya aika mata ta dawo gida, domin aikin da ke jiranta a ƙasarta ya fi wanda za ta tarar a waje. Ta ji maganarsa ta komo.

Bai ba ta babban matsayi nan take ba. Ɗan fili ya ba ta a bakin kogin Wiya, wanda bai wuce abin da zai ciyar da gida ɗaya ba, ta zauna a can shekara guda tare da abokan zama kaɗan. Bayan haka aka ɗora ta a kan gidan zuhudu na Hatilpul. Aidan da sauran malamai sukan ziyarce ta suna koya mata, ita kuma tana tsara zaman gidan bisa ga abin da ta koya. Wanda ya yi aminci a kan ƙaramin abu, shi ake danƙa wa babba, kamar yadda Ubangijinmu ya koyar a Luka 16:10.

Uwar Witbi

A shekara ta 655 sarki Oswi, ƙanen Oswal, ya fuskanci Penda da rundunar da ta fi tasa yawa. Ya yi wa'adi cewa in Allah ya ba shi nasara zai keɓe 'yarsa ga hidimar Allah, ya kuma ba da filaye 12 domin gina gidajen ibada. Ya ci yaƙin, Penda ya mutu. Sai aka kawo jaririya Elfiled, wadda take wajen shekara guda, aka miƙa wa Hilda ta rene ta. Bayan shekara biyu, a 657, Hilda ta sami fili mai girman gonar gida goma a kan wani tsauni da ke bakin teku. A nan ta kafa gidan da aka san ta da shi. Wurin shi ne ake kira Witbi a yau.

Gidan na maza da mata ne. Kowane ɓangare yana da wurin kwanansa dabam, amma shugaba ɗaya ce, wato Hilda. Ta kafa zaman a kan misalin ikkilisiyar farko da muke karantawa a Ayyukan Manzanni 4:32-35. Ba mai cewa wannan nawa ne, ba mai arziki, ba matalauci, alhali a cikinsu akwai 'ya'yan sarakuna akwai 'ya'yan talakawa. Ta koya musu adalci da tsarki da kamun kai, amma abin da ta fi nanatawa shi ne salama da ƙauna.

Abu biyu ta wajabta wa kowa: nazarin Littafi Mai Tsarki da ayyukan jinƙai. A zamanin da ba injin buga littafi, kowane kwafi sai an rubuta shi da hannu a kan fata, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Witbi ya zama kamar makarantar tauhidi ta ƙasar. Mutum biyar daga cikin almajiranta sun zama bishop-bishop: Bosa, Etila, Oftifo, Yohanna wanda aka fi sani da Yohanna na Bebali, da Wilfirid na biyu. Uku daga cikinsu sun riƙe kujerar Yok, birnin da aka yi mata baftisma.

Sarakuna da hakimai sukan hau tsaunin nan su nemi shawararta, talakawa ma haka. Duk wanda ya san ta uwa yake kiranta. Ta cika abin da Littafin Mahukunta 5:7 ya kira Debora da shi.

Taron shekara ta 664

Bishara ta shigo arewacin Ingila ta ƙofa biyu. Ɗaya ta kudu ce, daga Roma ta hannun su Paulinus. Ɗaya kuma ta arewa ce, daga Ayona ta hannun su Aidan. Bangaskiyarsu ɗaya ce game da Allah Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Littafinsu ɗaya, amma al'adunsu sun sha bamban. Ba su yin aski iri ɗaya ga 'yan zuhudu, mafi girma kuma, lissafinsu na ranar Ista ba ɗaya ba ne.

Dukansu sun yarda a yi Ista ranar Lahadi, sun kuma yarda a bi lissafin wata. Amma mutanen Ayona suna karɓar Lahadin da ta faɗo tsakanin 14 da 20 ga wata, suna aiki da jadawalin shekara 84. Mutanen Roma kuwa suna ɗaukar 15 zuwa 21 ga wata, da jadawalin shekara 19. Mu da muke zaune a Sakkwato, inda maƙwabtanmu suke kasa kunne ga sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, mun san irin nauyin da lissafin wata yake da shi a zukatan masu ibada. Matsalar ta shiga har cikin gidan sarki. Oswi ya tashi a al'adar Ayona, matarsa Enfiled, 'yar Edwin, ta tashi a Kent a al'adar Roma. Akan sami shekarar da sarki ya gama azumi yana bikin tashin Almasihu daga matattu, sarauniya da mutanenta kuwa suna cikin azumi suna kiyaye Lahadin ganyen dabino.

Muddin Aidan yana da rai an yi ta haƙuri da juna saboda girman da kowa yake ba shi. Ya rasu a 651, sai gardama ta yi ta ƙaruwa. A shekara ta 664 sarki ya kira babban taro, wurin da aka zaɓa kuwa gidan Hilda ne. Bishop Kolman na Lindisfan ya yi magana a madadin al'adar Ayona, yana dogara ga gādon iyayensu cikin bangaskiya da misalin manzo Yohanna. Wani matashin malami mai kaifin baki, Wilfirid na Rifon, ya tsaya wa Roma, yana dogara ga manzo Bitrus da abin da yawancin ikkilisiyoyin duniya suke yi. Hilda tana tare da Kolman, domin a hannun Aidan ta koyi hidima.

Da aka kawo maganar mabuɗan Mulkin Sama ta Matiyu 16:18-19, sarki ya tambayi ɓangarorin biyu ko sun yarda an faɗa wa Bitrus wannan magana. Suka ce sun yarda. Sai ya yanke hukunci cewa ba zai yi jayayya da mai riƙe da mabuɗi ba, za a bi lissafin Roma. Mu a koyarwarmu ba mu fahimci wannan nassi yadda sarki Oswi ya fahimce shi ba, domin mun gaskata dutsen da ikkilisiya take kai shi ne Almasihu da shaidar da Bitrus ya bayar game da shi. Amma abin da ya biyo bayan hukuncin shi ne darasinmu.

Kolman bai iya karɓa ba. Ya ajiye kujerarsa, ya kwashi waɗanda suka bi ra'ayinsa suka koma Ayona, daga baya suka wuce Ayalan. Hilda kuwa ta zauna. An kayar da ɓangarenta a cikin gidanta, a gaban almajiranta. Tana da jinin sarauta, tana da fili, tana da jama'a masu jin maganarta. Da ta so ta ja daga, da ta sami mabiya. Amma ta karɓi hukuncin, gidanta ya koma bin sabon lissafi, ta ci gaba da aikinta har shekara 16 bayan haka. Ta gane cewa tashin Almasihu shi ne tushen bangaskiya, ranar da ake bikinsa kuwa tana cikin abubuwan da Romawa 14:5-6 ta ce kada su raba 'yan'uwa.

Wannan ba ya nufin ta zama mai amsa amin ga kowace magana. Da Akbishop Tiyodo na Kantabari ya raba babbar diyosis ɗin Wilfirid a shekara ta 678, aka sa almajirinta Bosa a Yok, Wilfirid ya kai ƙara Roma. Hilda ta aika wakilanta can su ba da shaida a kansa. Ta san inda ake sassauci, ta kuma san inda ake tsayawa.

Makiyayin da ya zama mawaƙi

A cikin ma'aikatan gonar gidan akwai wani makiyayi mai suna Kadmon. Bai yi karatu ba, shekarunsa kuma sun ja. Al'adar mutanen ita ce in an taru wurin biki a riƙa miƙa molo daga hannu zuwa hannu, kowa ya yi waƙa. Shi kuwa da ya ga molon ya kusato shi sai ya sulale ya fita don kunya, gama bai iya waƙa ba. Wani dare ya fita haka ya tafi garke, domin shi ne mai tsaron dabbobi a daren, ya kwanta. Cikin mafarki wani ya kira shi da sunansa ya umarce shi ya yi waƙa a kan farkon halitta. Ya buɗe baki, sai ga baitocin yabon Mahalicci waɗanda bai taɓa ji ba. Da ya farka yana tune da su.

Da safe ya gaya wa wakilin gona, shi kuma ya kai shi gaban Hilda. Dubi yadda ta bi da maganar. Ba ta kore shi don shi makiyayi ne ba, ba ta kuma ɗaga shi sama nan take don ya ce ya yi mafarki ba. Ta tara malaman gidan suka saurare shi. Sa'an nan suka bayyana masa wani sashe na Nassi, suka ce ya je ya mai da shi waƙa. Kashegari ya dawo da ita cikakkiya. Da ta tabbata baiwa ce daga wurin Allah, sai ta shawarce shi ya shigo cikin 'yan'uwa, ta sa a koya masa tarihin Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe.

Malamai suna karanta masa, shi kuma yana juya abin a zuciyarsa kamar saniya mai tuƙa, ya fito da shi waƙa a harshen mutanensa. Ya yi waƙa a kan Farawa, da fitar Isra'ilawa daga Masar, da haihuwar Almasihu, da shan wuyarsa, da tashinsa, da hawansa sama, da zuwan Ruhu Mai Tsarki, da koyarwar manzanni, da ranar shari'a. A lokacin nan Littafi Mai Tsarki da sujada duk da Latin ake yinsu, harshen da manomi da masunci ba sa ji. Ta bakin Kadmon suka ji labarin ceto da harshen da suke ciniki da shi. Layi tara ne kawai na waƙarsa ta farko suka rage, ana kuma lissafa su cikin mafi daɗewar waƙoƙin Turanci da aka san mai su.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A nan Sakkwato Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi amfani da waƙoƙin Fulatanci da Hausa ta ilimantar da matan karkara ta hannun jajis ɗinta. A cikin ikkilisiya kuma, tun bayan da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, mutane nawa ne suka haddace labarin Yusufu ko na ɗa batacce daga bakin Zumuntar Mata, da tulu da kacau-kacau, tun ba su iya karanta ko harafi ɗaya ba?

Ciwo da rasuwa

Shekara shida na ƙarshen rayuwarta zazzaɓi bai rabu da ita ba. Duk da haka ba ta daina koyarwa ba, a fili da kuma a keɓe. Takan gargaɗi masu lafiya su bauta wa Allah tun suna da ƙarfi, marasa lafiya kuma su riƙa yin godiya cikin wahala. A shekararta ta ƙarshe ma sai da ta kafa wani sabon gida a Hakanes, mil 13 daga Witbi.

A ranar 17 ga Nuwamba, 680, wajen carar zakara, ta karɓi Jibin Ubangiji, ta kira 'yan'uwa mata da suke gidan. Gargaɗinta na ƙarshe shi ne su riƙe salamar bishara a tsakaninsu da kuma tsakaninsu da dukan mutane. Tana cikin wannan magana ta cika, tana da shekara 66. Elfiled, jaririyar nan da aka miƙa mata, ita ta gaje ta tare da mahaifiyarta Enfiled.

Yadda sunan ya iso mana

Maharan teku daga Denmak sun rushe gidan Witbi a wajen shekara ta 867. Kangon da masu yawon buɗe ido suke gani a kan tsaunin a yau na wani gida ne da aka sake ginawa bayan shekara ta 1066, wanda sarki Henri na takwas ya rufe a 1539. Mutanen baya sun ƙara wa labarinta tatsuniyoyi, har da cewa ta mai da macizai duwatsu. Duwatsun nan masu kama da naɗaɗɗen maciji suna nan a bakin tekun, amma ragowar wasu halittun ruwa ne na dā. Ba mu bukatar irin wannan ƙari, gama abin da ta yi a zahiri ya isa.

Sunan kansa ya kusa ɓacewa a Ingila na ɗaruruwan shekaru. A ƙarni na 19, da Turawan Ingila suka koma sha'awar tarihin ikkilisiyarsu ta farko, suka farfaɗo da shi tare da irin su Edit da Etel. A 1893 aka buɗe kwalejin mata mai sunanta a Jami'ar Okusfod. Sunan ya yi tashe daga ƙarshen wannan ƙarni zuwa farkon na 20, daidai lokacin da 'yan mishan suke shigowa ƙasarmu, shi ya sa ya biyo su. Ikkilisiyar Katolika tana tunawa da ita ranar 17 ga Nuwamba, ta Ingila kuma ranar 19.

Abin da za mu ɗauka

Ba mu yin addu'a ga Hilda, ba mu kuma koyar da cewa zaman zuhudu ya fi aure tsarki. Muna duban rayuwarta ne yadda Ibraniyawa 13:7 ta umarce mu mu dubi ƙarshen zaman shugabanninmu mu yi koyi da bangaskiyarsu.

Na farko, ga dattawa da shugabanni. Majami'u nawa ne a garuruwanmu suka tsage saboda zaɓen da wani ya faɗi, ko canjin wurin aikin fasto, ko gardamar harshen da za a yi sujada da shi? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, mu kuwa da muke 'yan kaɗan a wannan gari ba mu da bangon da za mu yi wasa da shi. Kafin mutum ya kwashi jama'a ya fita, ya tambayi kansa ko abin da ake gardama a kai tushen bishara ne, ko kuwa lissafin rana ne kawai.

Na biyu, ga iyaye da majalisun ikkilisiya. Bishop biyar sun fito daga hannun mace guda domin Aidan ya ga baiwarta ya ba ta wuri. Yarinyar da muka cire daga makaranta don kuɗin ya ishi ɗan'uwanta, ba mu san ko su wa Allah ya shirya ta koyar ba.

Na uku, ga fastoci da shugabannin mawaƙa. Akwai Kadmon a kowace majami'a. Wataƙila shi ne mai gadi, ko mai tura baro a kasuwa, ko tsohuwar da take zama a bencin baya. Aikinmu ne mu saurare shi, mu gwada baiwarsa da Nassi, sa'an nan mu koya masa.

Na ƙarshe, ga duk mai suna Hilda ko Matilda, da iyayen da suke tunanin raɗa wannan suna. Ma'anarsa yaƙi ce, mai bi kuwa yana da yaƙi. Amma Afisawa 6:12 ta nuna mana cewa abokin gābanmu ba ɗan adam ba ne. Ba maƙwabcinmu ba ne, ba kuma ɗan'uwan da ya kayar da mu a taron majalisa ba. Hilda ta yi nata yaƙin da girman kai, da jahilci, da tsattsaguwa, da ciwon shekara shida, ta kuma gama da maganar salama a bakinta. Ubangiji ya ba mu alherin gamawa haka. Amin.